Inda Gyaɗa Za Ta Kwana

Garwa, Litinin 14 ga Maris 1977, bayan la'asar

Yau ma tuwon mutum biyu na tuƙa. Sai da na kwashe na tuna. Na juye rabon maigidan a kwanon karyarsa Gyaɗa, ta shinshina, ta koma bakin zaure ta kwanta.

Can take wuni tun ranar Alhamis ɗin da wata mota ta tsaya a ƙofar gida. Mutum uku ne, sun yi sallama kamar baƙin arziki. Suka kwashe takardun da ke akwatinsa kaf. Ɗayansu ya ce mini, "Madam, 'yan tambayoyi ne kawai, yanzu zai dawo." Maigidan ya zura takalmi bai ko ɗaure igiya ba. Gyaɗa ta bi motar har kwanar famfo, sannan ta dawo tana haki.

Ban san abin da ya yi ba. Abin da mutane ke cewa kuwa ba zan rubuta ba.

Talata 15, da hantsi

Zafi. Ba labari.

Alhamis 17, bayan azahar

Karyar nan ba tawa ba ce, kowa a unguwa ya sani. Wani Nasara da suka yi aikin allurar shanu tare da maigidan ne ya bar masa ita tana 'yar kwikwiya, lokacin da zai koma ƙasarsu. Ja ce kamar soyayyar gyaɗa, sunan ke nan. Ba ta jin Hausa, ba ta jin Fillanci, sai Faransanci. Ni da maigidan mun daɗe muna faɗa a kanta. Ban taɓa sa mata hannu ba. In ta lashi kwano sai na dirje shi da ƙasa, ina yi ina mita, shi kuma yana dariya, wai ita ce ke tashinsa in kura ta matso kusa da tantinsa a rugagen Fulani.

Yanzu ta tsufa, bakinta ya yi furfura, haƙora sun zube.

Yau na ga kaska a kunnenta, ta sha jini ta yi ɓul-ɓul. Na daɗe a tsaye ina kallo. Shi ke cire mata. Daga baya na naɗe yatsuna da tsumma na cire. Ko motsi ba ta yi ba. Ashe kunnen nata laushi gare shi haka.

Juma'a 18, da yamma

Masu zuwa sayen man gyaɗa sun ɗauke ƙafa. Ba na ganin laifinsu. Wasu na aiko da gaisuwa ta kan katanga, murya ƙasa-ƙasa, kamar masu gaida mai ƙyanda.

Agnès kaɗai ke shigowa ta ƙofa, da rana tsaka, da farin kayan aikinta. Maƙwabciyarmu ce, ungozoma a asibitin haihuwa, mutuniyar kudu. Da Fillanci muke magana, nata a karkace, nawa ma ba gwaninta ba. Ta kawo mini dafaffen rogo ta zauna ta tsare ni sai da na ci.

Na share ɗakinsa. Na sake share shi.

Lahadi 20, da hantsi

Yana da rai.

Lahadi, bayan la'asar

Ɗazu ban iya ƙarasawa ba. Agnès ce ta zo da maganar. Wata mata mai suna Mariam ta kai ƙanwarta haihuwa, Mariam ɗin ma an tafi da mijinta a makon. Ita ta ce an kai su wani wuri can kudu, nesa da babbar hanya, kuma ana barin matansu su gan su ranar Talatar ƙarshen wata. Yayanta Brahim direban motar auduga ne, zai bi ta wajen ranar Lahadi mai zuwa. Akwai wurin mutum ɗaya a gaba. Tafiya da dawowa kwana huɗu, in Allah ya kiyaye taya.

Na yi sujada a tsakar gida, ƙasa na ƙona mini goshi. Da na ɗago sai muka haɗa ido da Gyaɗa. Tunani na biyu da ya zo mini shi ne, to ita a ina za ta kwana? Na ji kunyar tunanin. Amma shi ya hana ni zama har yanzu.

Talata 22, bayan azahar

Na je mayanka wajen Yaya Iliyasu, wan maigidan. Tun ranar Alhamis ɗin can bai taka gidanmu ba. Na same shi yana sara ƙashi, bai ɗago ba.

Na gaishe shi, na faɗa masa tafiyar, na faɗa masa matsalar karyar.

Ya ce, "Dela, mutum ne a ɗaure, ke kina zancen kare? Ki kawo ta nan ki sake. Karnukan mayanka yunwa ba ta taɓa kashe ko ɗaya ba."

Na juya na dube su. Sun fi ƙarfin ƙirga, suna kokawa kan hanji a bakin magudana. Wani ya cafki wuyan wani yana jijjigawa, ba wanda ya ko waiwaya. Gyaɗa da ba ta iya tauna ƙashi, a nan ko wuni ba za ta yi ba.

Na ce, "Yaya, ta tsufa."

"To ki ba mafarauta."

Na yi sallama na juya. Har na kai bakin titi sai ga shi a bayana, yana goge hannu a riga. Ya cusa mini ƙunshin kilishi cikin kwando ya rufe da zane. Idonsa jawur. Ya ce, "Wanda ba yaji ne, ba ya son yaji. Kada ki ce wa kowa daga hannuna ya fito." Ya koma da sauri.

Yana da 'ya'ya tara da rumfa a kasuwa. Na san abin da yake tsoro.

Laraba 23, da safe

Agnès ta so ta karɓi Gyaɗa. Mijinta Zacharie ya ƙi. Ma'aikacin gwamnati ne, ya ce duk Garwa an san karyar Hayatu maigidana, in aka gan ta ɗaure a gidansa gobe shi za a kira. Ina jin su ta katanga, ita tana ɗaga murya, shi yana roƙonta ta yi a hankali. Ta shigo tana share hawaye, na haushi ne ba na tausayi ba.

Ta ce, "Adda, akwai wata Madam a unguwar Filato, Nasarun kamfanin auduga can suke barin karnukansu in za su hutu. Gobe mu je."

Alhamis 24, da yamma

Mun je. Na sa wa Gyaɗa igiyar guga a wuya, ta bi ni kamar da ma haka muka saba.

Ban taɓa ganin irin wurin ba. Ɗakuna ne ƙanana a jere ƙarƙashin mangwaro, daɓen siminti, kowanne da kwanon ruwansa da allo mai sunan karen. Ana wanke ƙasa da sabulu. Wani ƙaton kare mai gashi har da tabarmarsa. Na ce wa Agnès, wallahi akwai masu haya a unguwarmu da za su yi musaya da shi.

Madam ɗin dattijuwa ce, fatarta ta ƙone da rana. Ta tsugunna ta yi wa Gyaɗa magana da Faransanci a hankali. Sai na ga wutsiyar ta motsa. Na kau da kai, kada a ga idona.

Na yi tambayoyi, Agnès na fassarawa. Me suke ci? Shinkafa da nama. Ana sakinsu su zaga? Safe da yamma. In ta ƙi cin abinci fa? Madam ta yi murmushi ta ce duk haka suke yi daren farko. Hankalina ya fara kwanciya.

Sai ta ce a kawo karne, wato ɗan littafin allurarta. Ba ta karɓar kare sai da shi, don ɗaya mai ciwo zai iya kashe mata duka.

Karnen yana cikin takardun akwatin maigidan. Da shi suka tafi.

Madam ta ce, "Ba kin ce mijinta malamin dabbobi ba ne? Ai sai ya rubuta wani." Agnès ta fassara mini, sannan ta juya ta faɗa mata wata gajeriyar magana da ba ta fassara ba. Fuskar Madam ta yi ja. Ta ce za ta iya kiran likita ya yi wa Gyaɗa sabuwar allura, amma sai an yi makonni kafin a haɗa ta da sauran. Ta yi ta ba da haƙuri. Ta cire wa Gyaɗa igiyar gugan ta sa mata wata ta fata, ta ce kyauta ce.

Muna fita aka rufe ɗaya daga ƙofofin ƙarfen nan. Gyaɗa ta firgita ta manne da ƙafata. Ni ma ƙarar ta shiga mini har ciki. Ba zan faɗi abin da ta tuna mini ba. Ina jin ko da karnen na hannuna, da wuya in bar ta a bayan wannan ƙofa.

Juma'a 25, bayan azahar

In kulle ta a gida da ruwa a baho? A wannan zafin da ruwan randa ma ke ɗumi? In fasa tafiyar? Astagfirullah.

Asabar 26, da hantsi

Na ji sallamar namiji a zaure. Gabana ya faɗi, tun ranar nan ba namijin da ya yi sallama a gidan. Na leƙa, sai ga Malam Salmanu da sandarsa.

Malam ne mai makarantar allo a bayan gidanmu, tsoho ne ƙwarai. Shi ne mutumin da ya fi kowa ƙin karyar nan. Ya sha aiko wa maigidan cewa mala'ikun rahama ba sa shiga gidan da ke da kare. Har hanyar masallaci ya canja don kada ya bi ta ƙofarmu. Na ɗauka ya zo ne ya ce ga irinta nan.

Na shimfiɗa masa tabarma nesa da Gyaɗa. Na durƙusa na gaishe shi.

Ya ce, "'Yata, an ce gobe za ki yi tafiya."

"Haka ne, Allah ya gafarta Malam."

"An ce kuma kina yawo da wannan baiwar Allah a gari kina nema mata masauki."

Na sunkuyar da kai.

Ya yi gyaran murya. "Awaki sun dame ni a lambuna na bakin Binuwai. Suna ci mini albasa. Shari'a kuwa ta yarda da kare uku: na farauta, na kiwo, da na gona. To ni ina da gona."

Na san lambun Malam. Shingen ƙayarsa ko kaza ba ta ratsawa.

Na ce, "Malam, ba ta da haƙoran korar akuya."

"Akuya ba ta san haka ba."

Na ce, "Allah ya gafarta Malam, kowa ya san ko ta wace ce. Za a yi magana."

Ya ce, "Tun kafin a haife ki ake magana. Ni da mijinki a kan karya muka saɓa, ba a kan maƙwabtaka ba. Tashi ki ɗauko mayafi ki je ki ga wurin, kada ki ce na cuce ki."

Asabar, bayan la'asar

Na gani. Kogin ya janye, yashi ya fito fari fat, masu kwalekwale na turawa da gora. Lambun yana kan gaɓa. Akwai rumfar zana a gindin wani tsohon mangwaro, da jigon ɗebo ruwa, ƙasar wajen da sanyi har na cire takalmi. Gyaɗa ta zaga ta shinshina kowace kusurwa, ta sha ruwa a kwatamin albasa, sannan ta haƙa ɗan rami a inuwa ta kwanta a ciki.

Na yi ta jero wa Malam bayani kamar mai kai amarya. Tuwo sai an jiƙa mata da romo. Ba ta son a ɗaure ta gajere. In ta ji tsawa ko ƙarar mota tana ɓuya. Yana ta gyaɗa kai. Na ce to wa zai kwana a nan da ita, don ba ta taɓa kwana ita kaɗai ba?

Ya ce, "Wa ke da albasar?"

Na ce, "Malam, da shekarunka? Ga sauro, ga dorina."

"Ni da dorinar nan mun san juna tun tana ƙarama."

Sai maganar yare. Na gaya masa ba ta jin kira sai da Faransanci. Ya dube ni, ya dube ta, ya ce, "Inna lillahi. Har da wannan?" Na koya masa uku da na sha ji a bakin maigidan: biyan, wato zo, asi, zauna, kushe, kwanta. Ya zaro alƙalami ya rubuta su da ajami a gefen wata takarda, ya sa musu wasali tsaf. Sannan ya miƙe, ya gyara rawani, ya daka mata tsawa kamar mai kiran sallar almuru: "Biyan!"

Ta taso ta zo gabansa ta tsaya. Malam ya ja da baya da sauri yana tattare riga. Dariya ta kuɓuce mini, na toshe baki da mayafi. Rabona da dariya har na manta yadda take fita.

Lahadi 27, da sassafe

Na kai ta. Na shimfiɗa mata tsohuwar rigar aikinsa a rumfar. Da na juya ta biyo ni har bakin shinge, igiyar ta tsayar da ita. Ban waiwaya ba. Ina jin Malam a bayana yana cewa, "Kushe. Kushe mana, baiwar Allah."

Litinin 28, da yamma, a hanya

Ni da Mariam a gaban mota, Brahim na tuƙi. An tsayar da mu sau da yawa ana duba takardu. Mariam ta riƙe hannuna duk lokacin. Ba mu tambayi juna komai game da mazajenmu ba.

Ko ta ci abinci?

Talata 29, bayan la'asar

Na gan shi.

An aske masa kai. Rigar ta yi masa yawa. Hannunsa na hagu ba zan rubuta ba.

Wani mai tsaro ya zauna a tsakaninmu bisa benci, ya ce ban da maganar dalili, ban da sunan kowa a cikin maganar. Aka caka kilishin da wuƙa aka duba, sannan aka miƙa masa. Ya ɗanɗana, ya ji ba yaji, ya dube ni. Na gyaɗa kai. Ya gane.

Muka zauna muna kallon juna. Duk abin da na tanada a hanya ya gudu. Sai na ji bakina yana ba shi labarin Gyaɗa: mayanka, da ɗakunan siminti na Madam, da karen mai tabarma. Yana saurare, idonsa a kaina. Da na zo kan wanda ya karɓe ta sai ya ce, "Wa?" Na ce maƙwabcinmu mai sanda. Ya ce, "A'a!" Na ce wallahi, har a lambu yake kwana. Na miƙe na gwada masa yadda aka gyara rawani aka ce biyan.

Ya yi dariya har ta koma masa tari. Ya riƙe haƙarƙari yana yi. Mai tsaron ma ya juya fuska bango, kafaɗarsa na motsi.

Da tarin ya lafa ya ce, "Ke ce kika ja ta har Filato? Da hannunki?"

Na ce, "To wa zai ja ta?"

Ya daɗe yana kallon hannuwana.

Da aka ce lokaci ya yi, ya ce, "Dela, rufin ɗakin nan na yoyo ta gabas. Ki sa a gyara kafin ruwa ya sauka. Kada ki jira ni da shi."

Na ce to. Ban yi kuka ba sai a bayan motar, inda Mariam ma ta je yin nata.

Alhamis 31, da magariba

Mun iso. Ƙafafuna sun kumbura. Agnès ta bar mini ruwan wanka da abinci a rufe. Gidan shiru, ba kowa a bakin zaure.

Juma'a 1 ga Afrilu, da hantsi

Na je lambun Malam. Tun daga nesa Gyaɗa ta hango ni. Ta yi ta jan igiya tana wani irin kuka siriri. Na durƙusa, ta sa kanta a cinyata, na bar ta. Malam ya ɗaga kai yana duban mangwaro kamar yana ƙirga 'ya'yan.

Sauro ya yi masa kaca-kaca da goshi. Ya ce ranar farko ba ta ci komai ba, tana kan rigar nan tana kuka. Da ya rasa yadda zai yi sai ya ɗauko karatunsa da ƙarfi, ta yi shiru. In ya tsaya ta fara. Haka ya yi ta yi har muryarsa ta dushe. Washegari wani masunci ya ba ta kan kifi ta ci. Daga nan ta koma kwanciya kusa da buzunsa. In ya ja buzun gefe, ta matso. Ya sake ja, ta sake matsowa, har suka kai bakin rumfa.

Ya ce, "Sai na ga in na ƙara ja, a kwatami zan yi salla. Na ƙyale ta. Taki ɗaya dai na ce ta bar mini, ta kuwa bari."

Na ce, "Awakin fa, Malam?"

"Ko ɗaya ba ta shigo ba."

Sai ya tambaye ni jikin maigidan. Na ce da sauƙi. Ya dube ni, na san bai yarda ba, bai kuma matsa ba. Na gaya masa maganar rufi. Ya murza carbi.

Na ce, "Allah ya gafarta Malam, duk ƙarshen wata zan riƙa zuwa. Ban san har yaushe ba. Ga shi albasa ta kusa cirewa."

Ya ce, "In na cire albasa kuɓewa zan zuba. Bayan kuɓewa masara. Ke dai ki kawo ta."

Na fara godiya. Ya ɗaga mini hannu, wai in tafi rana na yi. Muna fita daga shingen na ji ya ce, "Dakata." Ya shiga rumfa ya fito da kan kifi busasshe a ganye, ya miƙo mini daga nesa. "Na yamma ne. Ki jiƙa mata tukuna, ba ta da haƙori."

Asabar 2, bayan azahar

Mai gyaran rufi ya zo ya duba, ya ce zai gama kafin ruwan farko. Yana ɗora tsani Gyaɗa ta taso daga zaure ta hau shi da haushi, har ya kusa faɗowa. Na ba shi haƙuri. Ita kuwa ban hana ta ba.